Ramukan Hantar Barira

Har gobe ban manta da ranar da Lokotoro ya kira Malam Isa ya ce ya zo ya sa ido a madubin labo ba. Na daɗe da barin aiki, yanzu daga ni sai murhu sai jikoki. Amma tunda ku 'yan matan da kuka shiga aikin likita kuka ce in ba ku labari guda daga zamaninmu, wannan ne ya zo bakina, ko da yake ni kaina ban gama gane shi ba.

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa ce, wajen ƙarshen damina, ina aiki a gidan likita na Madarumfa. Ni ba ma'aikaciyar jinya ba ce. Karatuna a kwaleji ya tsaya, aka ɗauke ni mai taimako a labo, wato ɗakin gwaji. Aikina wanke lam da shanya su, da rina jinin masu masassara da kakin masu tari. Lam ɗan gilashi ne mai tsawon yatsa, a kansa ake shafa abin da za a duba a madubi, wato na'urar da ke girmama abin da ido ba ya iya gani. Sama da ni akwai Majo, babban ma'aikacin jinya, Bagobiri mai baki kamar reza. Sama da shi akwai Lokotoro, wato babban likita, saurayi Bazabarme da aka turo mana daga yamma. Hausarsa ba ta nuna ba, don haka idan magana ta yi tsawo ni ake kira, ya faɗa da Faransanci in mayar.

Barira daga wani ƙauye take, can bayan Gabi. Mace ce mai 'ya'ya, ba ta tsufa ba, amma ta rame har wuyanta ya zama kamar na buta. Ba ta iya cin abinci, kuma tana kukan ciwo a gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Mijinta Malam Isa falken wake ne, yana kai kaya kasuwannin hayin iyaka, shi ya sa bai fara da mu ba, sai ya wuce da ita wani babban asibiti a Najeriya. A can aka soka mata doguwar allura aka ciro ɗan naman hantarta, siriri kamar tsinken tsintsiya. Aka sarrafa shi, aka yanka shi fiye da fatar albasa rashin kauri, aka manna a kan lam aka rina. Saura mai dubawa, sai aka ce masu ya yi tafiya. Suka jira har suka gaji, ga gero ya nuna a gona. Malam Isa ya ce a ba shi abinsa. Haka ya zo mana da matarsa a hannu ɗaya, ɗan gilashi naɗe cikin kwali a ɗaya hannun.

Lokotoro ya faɗa mani tun farko cewa wannan ba fanninsa ba ne, a makaranta kawai ya taɓa gani. Duk da haka murna yake kamar yaron da aka ba sabuwar riga, don mu madubinmu bai saba ganin komai ba sai jini da kaki. Ya daɗe a sunkuye yana juya ɗan ƙarfen da ke matsar da lam. Daga nan ya ɗago ya ce in duba.

Na duba. Na ga abu ja-ja kamar saƙar zuma, ƙananan ɗakuna a jere, amma ko'ina ramuka ne farare, zagayayyu, manya da ƙanana. Na ce, "Lokotoro, ai hantar ta huhhuje."

Ya yi dariya ya ce ba huji ba ne, kitse ne.

Na sake dubawa da kyau. Ni na san kitse, na yi aikin naman layya tun ina yarinya. Na ce ban ga kitse ba, rami na gani.

Ya ce haka ne, ba zan gan shi ba. Magungunan da ake jiƙa naman a ciki kafin a yanka su ne suke narkar da kitsen su tafi da shi, sai gurbinsa ya saura. Duk ramin da na gani, ɗigon kitse ne ya zauna a wurin. Sa'an nan ya koya mani yadda ake auna tsananin abin. Ana duban ɗakunan gaba ɗaya a kintata. Idan waɗanda kitse ya shiga ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba, mataki na ɗaya ke nan, mai sauƙi. Idan sun wuce haka amma ba su haura kashi biyu cikin uku ba, mataki na biyu. Abin da ya fi haka, na uku, mai tsanani. Bayan wannan a duba ko akwai kumburi, a duba ko akwai tabo. Ya ce tabon shi ne abin tsoro, domin kitse yana iya fita hanta ta koma yadda take, amma idan tabo ya mamaye ta da wuya ta dawo.

Ya ce to, in faɗi nawa kintacen. Na duba nan na ga ramuka sun cika wuri, na ce na uku. Ya matsar da lam kaɗan, sai ga wurin da ya kusa zama lafiyayye, na ce a'a, na biyu. Ya sake matsarwa, lissafin ya rikice mani. Ya kira Majo. Majo ya rufe ido ɗaya ya leƙa ya ce, "Ni dai waina na gani, saura miya." Ya dubi Lokotoro, da yake akwai wasa tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, ya ƙara da cewa, "Kai bawan Gobirawa, mace kamar karan dawa za ka ce kitse ya yi mata yawa? In Barira na da kitse, ni me ke gare ni?" Ya shafa tumbinsa.

Lokotoro ya ce hanta ba tumbi ba ce. Yunwa ma tana tara mata kitse, wasu magunguna ma haka. Kuma ya riga ya tambaya, ya ji Barira ta daɗe tana shan kafso ja da rawaya na masu tebur a kasuwa, safe da yamma, kan ciwon mara, cikinta kuma babu komai. A ƙarshe ya yanke cewa mataki na biyu ne da ya jingina da na uku, kuma bai ga tabo ba. Ya ce in Allah ya yarda za ta tashi.

Albishir ne, kuma don ya kwantar wa mijin da hankali ya kira shi. Malam Isa ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar zai shiga masallaci. Na nuna masa yadda zai sa ido. Ya daɗe bai ga komai ba, sai gashin idonsa. Can sai na ga kafaɗunsa sun sandare.

Ya ɗago a hankali ya ce, "La'ilaha illallahu. Ashe gaskiya suka faɗi."

Na ce, "Malam, wace gaskiya?"

Bai kula ni ba. Ya ce, "Tambayar mani shi, nawa aka ci, nawa ya rage?"

Na ce ba ci aka yi ba, kitse ne. Na mayar masa da duk bayanin da aka yi mani, tiryan-tiryan. Ya saurara har na gama, don mutum ne mai natsuwa. Sa'an nan ya ce, "Ɗiyata, ni wake ne sana'ata. In na buɗe buhu na ga wanga irin huji, ba ni bukatar a gwada mani ƙwaron. To ina kitsen?"

Lokotoro ya ce an wanke shi.

"Wa ya wanke?"

Masu labo na can.

"Shi ya gan shi kafin a wanke?"

Lokotoro ya ce a'a, amma haka yake a kowane littafi. Akwai wani rini da ke nuna kitsen ja wur, sai dai da ɗanyen nama ake yinsa, ba da wanda aka riga aka sarrafa ba, kuma mu ba mu da shi.

Malam Isa ya gyaɗa kai ya ce, "To. Shi bai gani ba, ni ban gani ba, ke ba ki gani ba. Abin da muka gani mu duka, rami ne." Ya sa takalminsa ya fita.

Na yarda da Lokotoro, amma da za a ce in rantse a kan abin da idona ya gani, da maganar Malam Isa zan rantse.

Sai da na kai wa Barira kunu a ɗakin mata na gane inda maganar ta dosa. Ta kama hannuna ta ce, "Me ya gani? Ya shigo bai ce mani uffan ba." Da na faɗa mata sai ta fashe da kuka, tana cewa shi ke nan, sun gama da Inna.

Inna Tsahara maƙwabciyarsu ce, tsohuwa mai sayar da fura, mijinta ya rasu, 'ya'yanta ba su rayu ba. Barira ba ta da uwa, don haka duk haihuwar da ta yi, Inna Tsahara ce ta yi mata wankan jego, ita ke dama mata kunun kanwa. Da ciwon ya yi tsanani, zazzaɓi ya ɗauke mata hankali, sai aka ji tana kiran Inna Tsahara, Inna Tsahara. Ku da kuka tashi a birni wataƙila ba ku sani ba, a ƙauye ana cewa wanda maye ya kama, sunan mayen yake kira. Barira ta ce, "Wa zan kira in ba ita ba? Ita na saba kira." Amma dangin miji sun riga sun ɗauka. Suka ce tsohuwa ce ke cin hantarta, a fito da ita ta tsallaka ta. Tsallakawa kuwa ita ce a kwantar da mara lafiya a gaban jama'a, wanda ake zargi ya ƙetare shi, wai ta haka yake sakin abin da ya kama. Duk wadda ta tsallaka ta amsa sunan ke nan, ba ta da sauran zama a garin da mutunci.

Wanda ya hana tun farko kuwa Malam Isa ne. Shi ya tsaya ya ce ba za a tozarta tsohuwar da ta yi wa 'ya'yansa wanka ba sai ya ji ta bakin likita. Shi ya sa ya yi wannan doguwar tafiya. Ga shi yanzu likita da kansa ya kama hannunsa ya nuna masa.

Na koma da gudu na faɗa wa Lokotoro. Ya zauna a kan kujera ya dafe kai. Majo, da ba ya rasa abin faɗi, wannan karon bai yi wasa ba. Ya ce, "Ka san inda matsalar take? Kai ka ce za ta tashi. In tsohuwa ta tsallaka ta tashi, wa za a ce ya tashe ta?"

Lokotoro ya sa aka sake kiran Malam Isa. Ya roƙe shi abu guda. Ya ce a bar kafso, a ba ta wake da ƙwai da kifin tafki, kuma kada kowa ya tsallaka kowa har a gama girbi. Idan ta samu sauƙi ba tare da tsallakawa ba, gari zai gani da idonsa cewa ciwo ne irin na kowa.

Malam Isa ya ce, "In ba ta samu ba fa?"

Lokotoro ya ce yana kyautata zato ƙwarai.

"Zato. Ɗazu kun ce na biyu ne, kun ce ya jingina da na uku. Ku da kanku ba ku tsaya wuri guda ba. Tambaye shi, in matarsa ce, ana cinta yana kallo, zai jira girbi?"

Na mayar da tambayar. Abin da Lokotoro ya iya cewa kawai shi ne ba za a yi wannan abu a cikin gidan likita ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban san ina na sa kaina ba. Ni musulma ce, na san cuta da waraka duk na Allah ne, kuma zargin mutum ba hujja zunubi ne babba. Amma ni ma a ƙauye aka haife ni, da irin waɗannan labarai aka yaye ni. Idan ba kowa a labo sai in ɗauko lam ɗin Barira in sake dubawa, ko zan ga wani abu da zai tsayar mani da zuciya. Wata rana in ga na biyu, wata rana in ga na uku. Kitse dai ban taɓa ganinsa ba.

Ranar kasuwa da hantsi sai ga amalanken jaki ya tsaya a bakin ƙofa, da 'yan'uwan Malam Isa a kai, da wata 'yar tsohuwa a gefe ta rungume ƙwarya. Inna Tsahara ce, kuma ba jawo ta aka yi ba. Ita ta ce a zo da ita. Ta sauka ta tambayi inda babban likita yake, aka kawo ta wurinmu. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya yi ta cewa ta tashi.

Ya ce in gaya mata ba ita ba ce, shi ya sani, kuma zai je har gaban mai gari ya faɗa. Kada ta yarda ta tsallaka.

Ta ce, "Allah shi yi maka albarka, ɗana. Ni ma na san ba ni ba ce." Ta gyara zama. "Amma kai baƙo ne, gobe a ɗauke ka a kai wani gari. In na ƙi, ta mutu, ni na cinye ta. In na ƙi, ta tashi, za a ce tsoro na ji na sake ta a ɓoye. In na tsallaka ta tashi, ni ce dai. Ko ta ina aka bi, ni ce. To bar ni in yi, hankalin mijinta shi kwanta, shi bar ta nan ta sha maganinka. In ba haka ba gobe za su ɗauke ta su tahi da ita wurin boka."

Na juya zan mayar da Faransanci, kalmomin suka watse mani. Na fara, na tsaya, na sake farawa. Lokotoro ya ɗaga mani hannu ya ce ya ji.

A bayan katanga aka yi, ƙarƙashin bishiyar bedi, wato dogon yaro, inda masu jinya ke girki. Barira ta fito da ƙafarta, mijinta na riƙe da ita. Da ta ga tsohuwar sai ta zube ta kama bakin zanenta tana cewa, "Inna ki yafe mani, bakina ne ya ja maki." Inna Tsahara ta ce, "Ke, bar kuka, ciwon ya ƙaru. Kwanta daidai, miƙe ƙafafun, kada in taka ki. Kin san gwiwar tawa." Wani daga cikin dangin ya ce a ƙa'ida sai ta tuɓe zane. Malam Isa ya daka masa tsawa ya ce ba a gabansa ba. Tsohuwar ta tattare zanenta, ta yi bisimilla, ta ɗaga ƙafa da ƙyar ta ƙetare. Masu girki duk sun bar tukwanensu sun zagaye wurin. Ni ina tsaye da kwanon lam a hannu, ban san lokacin da na fito da shi ba.

Da ta gama sai ta ɗauko ƙwaryar da ta zo da ita. Fura ce ta dama wa Barira tun daga gida. Ta miƙa, ba wanda ya karɓa. Barira ta miƙa hannu, wata 'yar'uwar mijin ta buge hannun. Tsohuwar ta tsaya da ƙwarya a hannu tana duban mutane ɗaya bayan ɗaya. Sai ga Majo ya ratso taron ya ce, "Kawo nan, Inna, tun safe ban karya ba." Ya tsuguna a wurin ya shanye ta tas, har da kaɗa ludayi. Ni kuwa da nake ganin na fi shi tausayi, ƙafata ba ta motsa ba. Har yau ina tambayar kaina ko kunyar jama'a ce ta riƙe ni ko wani abu ne dabam, ban samu amsa ba.

Barira ta zauna wurinmu ta sha magani, ta bar kafso, ta fara cin abinci. Aka sallame ta. Bayan an gama ɗaurin gero ta dawo a duba ta, da ƙafarta, kumatunta sun ciko. Lokotoro ya danna ƙarƙashin haƙarƙarinta ya ce hantar ta koma mazauninta. Malam Isa ya kawo masa wake a ƙwarya, fuskarsa fal murna, ya ce, "Gaya mashi na gode, ya yi ƙoƙari. Amma ya gani ko? Tun ranar da ta tsallaka sauƙi ya fara." Na mayar da maganar yadda take. Lokotoro ya dubi waken, ya dube ni, ya ce in ce masa Allah ya ƙara sauƙi.

Na ja Barira gefe na tambaye ta Inna Tsahara. Ta ce tun daga ranar ba wanda ya sake sayen furarta. Idan ta doso rijiya mata su janye 'ya'yansu. Da ta ga haka sai ta ɗaure kayanta ta tafi wurin wani ɗan ƙanenta a hayin iyaka. Barira ta raka ta har bakin hanya, ta ɗaukar mata ƙunshin, mijinta ya gani bai hana ba.

Ranar na koma gida ban san ko murna zan yi ko kuka ba. Mara lafiyarmu ta warke, abin da muke roƙo ke nan, kuma warkewarta ce ta tabbatar wa gari da ƙarya. Na taɓa tambayar Lokotoro daga baya ko da ya san haka da bai nuna wa Malam Isa ramukan ba. Ya ce bai sani ba, wataƙila da an yi ko bai nuna ba, wataƙila kuma da Malam Isa ya ci gaba da tsayawa. Amma daga ranar, kafin ya yi wa dangin mara lafiya kowane bayani, sai ya sa ni in fara tambayarsu, "A gida me ake cewa ciwon nan?" Kuma sai ya jira amsa.

Wannan tambaya ita ce abin da zan bar maku. Ku yanzu kuna da na'urorin da mu ba mu yi mafarkinsu ba, kuna nuna wa mutane hoton cikinsu a allo. Ku sani ba wanda ke zuwa da ido wanke. Kowa da abin da aka gaya masa a gida, shi yake nema, kuma sau da yawa zai same shi a cikin abin da kuka nuna masa da kyakkyawar niyya. Sa'an nan ciwo ba ya tsayawa kan wanda ke kwance a gado. Mu an koya mana auna na hanta, ɗaya, biyu, uku, ko shi ma muna gardama a kai. Na wanda ke tsaye a bayan katanga ba a ba mu ma'auninsa ba.

Barira mun rubuta mata sallama da lafiya. Inna Tsahara kuwa ko kati ba mu taɓa buɗe mata ba. In tana raye Allah ya rufa mata asiri, in ta riga mu Allah ya sa ta huta.